Fita daji da iyali: kallon namun daji da kamun kifi cikin tambaya da amsa

Wane lokaci ya fi dacewa a fita?

Da sassafe, ko daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. Yawancin namun daji da tsuntsaye a lokutan nan suke fitowa kiwo da shan ruwa, rana na takewa kowa ya nemi inuwa. Kifi ma haka yake, domin ruwan da ya ɗumama ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, shi ya sa da tsakar rana kifaye kan sauka ƙasa ko su laɓe cikin ciyayi. Iyalin da suka bar gida ƙarfe 11 na safe suka dawo suna cewa dajin babu komai, makara suka yi.

Me ya sa dabba ke gudu tun kafin a gan ta?

Hancinta da kunnenta sun riga idonku. Ku yi tafiya iska na dukan fuskarku, don kada ta kai mata warinku. Mafi alheri ma ku sami wuri nesa kaɗan da mashaya ku zauna shiru. Zaman minti 20 yakan nuna muku abin da yawon awa biyu bai nuna ba. Yaro ba ya iya zaman shiru haka kawai, sai an ba shi aiki: ya nemo sawu a laka, ko gashin tsuntsu, ko kashin dabba, ya faɗi na wace ce. Yaron da ya gano sawu da kansa yakan fi murna a kan wanda aka nuna wa dabbar daga cikin mota.

In akwai madubin hangen nesa, mai lamba 8x42 ya wadatar. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu ninki takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Wanda ya fi haka ƙarfi yana rawa a hannun yaro.

Yaya kusancin da ya halatta?

Gandun dajin Yellowstone na Amurka, wanda aka kafa a 1872, ya sa doka: mita 91 tsakanin mutum da beyar (wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata) ko kyarkeci, mita 23 da sauran dabbobi. Kowane gandu da tasa dokar, amma akwai ma'auni mai sauƙi. In dabba ta daina kiwo ta ɗago kai tana kallonku, kun matso da yawa. Kada a ba ta abinci, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta. Ɗan barewar da kuka tarar kwance shi kaɗai galibi ba maraya ba ne, uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo.

Gaskiya ne surutu na korar kifi?

Magana a bakin ruwa ba ta cika damun sa ba, domin yawancin sautin da ke cikin iska ba ya ratsa ruwa. Abin da ke korar sa shi ne dire-diren ƙafa a gaɓa, da jifa, da buga ƙasan kwalekwale. Sauti na gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, kuma kifi na da wani layi a gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi. To, yara su yi hirarsu, tsalle ne dai ban da shi.

Da wane kaya yaro zai fara?

Gajeriyar sanda, zare, ƙaramar ƙugiya da tana. A matse ɗan haƙorin bayan ƙugiyar da filaya, don in ta soki yatsa ta fita da sauƙi. In za a mayar da kifin ruwa, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, saboda yauƙin jikinsa ne ke kare shi daga cuta. A wurare da dama sai da lasisi ake fatsa, a tambaya tukuna.

Mene ne babban haɗari?

Ruwan kansa, ba zaki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nitsewa a 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaro mai nitsewa galibi ba ya ihu. Saboda haka a sa wa yara rigar kariya daga nitsewa, babba ɗaya kuma ya ajiye ƙugiya da waya, aikinsa kawai kallon su. A ganina wanda ya fi kowa son kamun kifi bai dace da aikin nan ba, idonsa na kan zare.

Sai tsawa. Daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da ƙararta daidai yake da nisan kilomita ɗaya. Da kun ji ta, ku kwantar da sanduna ku shiga mota ko gini, kada ku koma sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe.

In maciji ya sari wani fa?

Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotse. A cire zobe da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti maimakon a bar shi ya taka da ƙafarsa.