Waiwaye: Yadda farantin ƙarfen tukunyar tururi ya yi tsada a Kura da Hadeja

Mai injin casar shinkafa a Kura, Bunkure, Garun Malam ko Auyo da ya nemi a ƙera masa boila, wato tukunyar tururi, ko tankin turara a 'yan shekarun nan ya san cewa kuɗin faranti ne ke fara karya masa gwiwa. Akan ɗora laifin kan dillalan Ƙofar Ruwa, alhali mafi yawan farashin an riga an yanke shi tun kafin ƙarfen ya sauka Apapa.

Buƙatar kanta ba ta daɗe ba. Bayan kammala dam ɗin Tiga a 1974 noman rani ya kafu a Kadawa da kewaye, amma shekara da shekaru da rabin ganga da itace ake turara shanshera. Ganga a buɗe take, tururi na fita abinsa, kowane irin ƙarfe ya isa. Lamarin ya sauya daga 2015, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa dalar gwamnati, ya kuma ƙaddamar da bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, injinan casa suka yawaita a Kano da Jigawa, da dama da boila mai cin ɓuntu. A nan tururi a kulle yake, yana tura bangon ƙarfe da ƙarfin ba 8 zuwa 10 (ba, wato "bar", ma'aunin matsi ne), zafinsa wajen digiri 180. Wannan aikin ba na kowane faranti ba ne.

Najeriya kuwa ba ta murza irin wannan farantin. An ƙulla kwangilar Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, amma babbar tanderun narka tama ba ta taɓa aiki ba, kuma faranti ma sai a zango na biyu aka tsara yin sa. Kamfanin Aladja da aka buɗe a 1982, da masana'antun murza ƙarfe na Katsina, Jos da Osogbo, rodi da waya aka gina su domin su. Haka ma masu narka kayan 'yan jari-bola a yau, rodin gini suke fitarwa. Saboda haka farantin boila na gaske daga waje yake zuwa, daga Sin, Indiya, Koriya ta Kudu ko Turai, kuma da dala ake biya.

Dalilin da ya sa ya fi farantin ƙofa da na tankin ruwa tsada tun daga masana'anta yana da asali. A 1905 boila ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Brockton na Amurka, mutum 58 suka mutu. Irin waɗannan haɗurra ne suka kai ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ga fitar da ƙa'idar boila ta 1914, wadda ake ta sabuntawa har yau. Farantin da aka yi bisa ƙa'idar, kamar A516 mai daraja 70, ana rage masa sinadarin salfa da fosfaras, ana yanko samfuri a ja shi har ya tsinke a tabbatar ya jure megafaskal 485 zuwa 620 a ma'aunin ƙarfin ja. Idan kaurinsa ya wuce milimita 40, dole a mayar da shi tanderu a kusan digiri 900, ya huce a iska, domin ƙwayoyin cikinsa su daidaita. Mai saye zai iya neman a bi shi da na'urar sauti a nemo ɓoyayyen tsagu. Daga ƙarshe a buga masa lambar narki, wadda ke nuna zubin da ya fito daga ciki, a haɗa shi da takardar shaidar masana'anta. Kowane mataki wuta ne, lokaci ne, kuma akwai farantin da ke faɗuwa gwaji a mayar da shi narki, kuɗinsa ya hau kan waɗanda suka tsallake.

Ƙarƙashin wannan akwai farashin ɗanyen kaya. Tan ɗaya na ƙarfe yana cin kusan kilo 1,400 na tama da kilo 780 na kwal. Sin ce ke narka fiye da rabin ƙarfen duniya, don haka motsinta kowa yake ji. A Mayun 2021 tan ɗin tama ya haura dala 200, kuma a watan ne Sin ta janye rangwamen haraji na kashi 13 cikin 100 da take bai wa masu fitar da nau'o'in ƙarfe da yawa. Ba a gama farfaɗowa ba yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022: kwal ɗin Ostireliya ya wuce dala 600 a Maris, aka kuma ragargaza masana'antar Azovstal ta Mariupol, wadda ke cikin manyan masu bai wa Turai faranti mai kauri. Turawa suka koma saye inda mu ma muke saye.

Farantin da aka gauraya da kuromiyam da molibdenam domin jure zafi mai tsanani yana da nasa ƙarin. A387 mai daraja 11 yana ɗauke da kuromiyam kashi 1.25 da molibdenam kashi 0.5 cikin 100, wato kilo 5 na molibdenam a kowane tan. Ana ganinsa kaɗan, amma a 2020 nauyin fam ɗaya bai kai dala 10 ba, a farkon 2023 ya doshi dala 40. Kilo 5 fam 11 ne, ke nan ƙarin dala 300 a tan daga sinadari guda. Da yawansa kuwa ana samun sa ne a gefen haƙar tagulla a Chile, Peru da Amurka, don haka tashin farashinsa ba ya sa a ƙara haƙo shi nan take. Kuromiyam kuma Afirka ta Kudu ce kan gaba wajen haƙo shi, narka shi na cin lantarki sosai, ƙasar kuma ta sha ɗauke wuta a 2022 da 2023.

Duk da haka, abin da ya fi dukan ɗan Kura shi ne canji. Kafin Yunin 2023 dalar hukuma tana wajen naira 460, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Ko da farashin duniya ya sauko, kuma ya sauko bayan 2022, a naira hawa ya yi. Kwastam ma da canjin ranar take lissafa kuɗin fito. Sai dako: faranti mai kaurin milimita 12, faɗin mita 2, tsawon mita 6, nauyinsa kilo 1,130 ne, kuma tirela za ta jawo shi kusan kilomita 1,000 da man gas. Dillali kuma yakan saka farashin da zai iya sake sayo wani, ba wanda ya sayo na hannunsa ba, tunda kayan na iya yin watanni a ajiye.

A ganinmu, inda mai injin yake da iko wuri biyu ne, kuma a nan ake yawan asara. Na farko zaɓin nau'i. Ƙarfen A516 yana aiki lafiya har zuwa wajen digiri 425, sai bayan nan yake fara saki a hankali, a buƙaci mai kuromiyam da molibdenam. Tururin turara shinkafa bai kai rabin wannan zafin ba. Wanda aka lallaɓa ya sayi A387 don tankin turara ya biya kuɗin abin da ba ya buƙata, ya kuma jawo wa kansa wahalar walda: sai an ɗumama farantin zuwa digiri 150 ko 200 kafin a fara, a yi aiki da sandar walda E8018-B2, a sake gasa ɗinkin a wajen digiri 650 zuwa 700. Aka tsallake wannan, gefen ɗinkin zai yi tauri ya tsage bayan kwanaki.

Na biyu kauri. Tanki mai faɗin mita 1.5 da zai riƙe matsin ba 10, idan ba za a ɗauki hoton cikin ɗinkin walda don neman tsagu ba, lissafi yana ba da kusan milimita 8. A ƙara milimita 3 na tsatsa, a sayi mai 12. Idan za a ɗauki hoton dukkan ɗinkin, lissafin ya sauko 5.5, mai 10 ya wadatar. Bambancin kashi ɗaya cikin shida ne na nauyin ƙarfe, don haka yana da kyau a kwatanta shi da kuɗin ɗaukar hoton kafin a yanke shawara.

Abin da tsada ta haifar mafi muni shi ne komawa ga farantin gini, ko tsohon faranti da aka yanko daga tankin da ba a san tarihinsa ba. A ido duk ɗaya suke. Farantin gini ba a yi masa gwajin riƙe matsi ba, wani yana da ɓawo-ɓawo a ciki da ke buɗewa in an lanƙwasa shi, tsohon kuma tsatsa ta riga ta ci kaurinsa a wuraren da ba a gani. A haɗa da ruwan rijiyar burtsatse da ke tara farin dutse a bangon boila, ƙarfen ya yi zafi fiye da kima, ya kumbura. Ruwan da ke cikin boila a digiri 180, da zarar bango ya buɗe, wani kasonsa tururi yake zama nan take, kuma masu zuba ɓuntu ne a tsaye a gabanta.

Kafin a biya kuɗi, a goge ƙura a karanta lambar narkin da ke jikin farantin, a tabbatar ita ce a takardar shaida, a auna kauri a kusurwa huɗu. Mai walda ya yi aiki da sandar E7018 busasshiya, ba E6013 ta ƙofa da taga ba. In an gama, a cika boilar da ruwa, ba iska ba, a matsa ta zuwa ninki ɗaya da rabi na matsin aikinta, a bi kowane ɗinki ana duba yoyo. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta cewa mai duba boila da hukuma ta amince da shi ya riƙa gwada ta lokaci-lokaci, kuma dokar ba ta ware injin da ke ƙauye ba.