Barth (sunan iyali na Jamusawa)

Barth suna ne na iyali da ake samu a Jamus da Siwizalan da Ostiriya, har da jikokin Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka. "Bart" ake furta shi, domin harafin h na ƙarshe ragowar tsohon salon rubutu ne. Gyaran ƙa'idar rubutun Jamusanci na 1901 ya cire shi daga kalmomi da yawa, amma bai taɓa sunayen mutane ba.

Tushen sunan ba ɗaya ba ne. A wasu gidajen daga kalmar Bart ya fito, wato gemu: laƙabi ne da aka yi wa wani kaka, kamar yadda Bahaushe zai ce Maigemu, sai ya bi 'ya'ya da jikoki lokacin da sunayen gado suka fara kafuwa, daga wajen ƙarni na 12. A wasu gidajen kuma gutsure sunan Bartholomäus aka yi, wanda asalinsa Aramayanci ne, ma'anarsa "ɗan Talmai". Akwai kuma waɗanda garin Barth, da ke gaɓar tekun Baltik a jihar Mecklenburg-Vorpommern, ya ba su sunan. Saboda haka haɗa wannan suna ba ya nuna dangantaka.

Wanda ƙasar Hausa ta fi sani shi ne Heinrich Barth (1821–1865), matafiyi mai binciken ƙasashe, haifaffen Hamburg. Ya taso daga Tarabulus a 1850, ya bi ta Agadas, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, ya isa Tambutu a 1853. Ya kira kansa Abdulkarim a tafiyar. Ya koyi Hausa da Barbarci, kuma littafinsa mai juzu'i 5 ya yi bayanin saƙa da rini da fataucin Kano da natsuwar da ba kasafai Turawan zamaninsa ke yi ba. Da shi ne Dorugu, yaro Bahaushe daga yankin Damagaram, ya tafi Turai a 1855. Har yau ana nuna wa baƙi gidan da ya sauka a Agadas.

Akwai kuma Karl Barth (1886–1968), babban malamin tauhidin Kiristanci daga Basel, da marubucin Amurka John Barth (1930–2024). A fannin likitanci, wata cutar gado da ke raunana zuciya da tsoka, wadda ta fi kama yara maza, tana ɗauke da sunan Peter Barth, likitan Holan da ya yi bayaninta a 1983.