Ƙaramar kwamfuta mai sanyaya da ruwa a zafin Accra: tambayoyin da ake yi mini a shago

Tun ranar da na ɗora wata 'yar kwamfuta a kan teburin shagona a Nima, wadda ba ta fi kwalin takalmi biyu girma ba, ruwa yana zagaye a cikinta ta tiyo, ban ƙara samun sakat ba. Samari daga Mamobi, masu haɗa bidiyon biki, masu wasan gem, har da wani dattijo da ya zo gyaran firinta, kowa sai ya tsaya ya leƙa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in tattara su wuri guda.

Maigida, ruwa da wutar lantarki a akwati ɗaya? Ai wannan neman magana ne.

Wanda ya taɓa ganin direban torotoro ya buɗe gaban mota yana ɗura wa lagireto ruwa ya riga ya san rabin labarin. A kwamfuta abubuwa biyu ne suka fi zafi: furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, da katin hoto, mai zana abin da ake gani a sikirin. A kan kowannensu ake ɗaure wani ɗan faranti na jan ƙarfe mai siraran hanyoyi a ciki, masu sana'a suna ce masa bulok. Ruwa ya ratsa ta cikinsa ya kwashi zafi, famfo ya tura shi zuwa lagireto, fanka ta hura zafin waje, ruwan ya dawo. A rufe yake ruf, ba ya taɓa babban allon da aka dasa kayan kwamfutar a kansa sai idan wani wuri ya yi yoyo.

Dalilin zaɓen ruwa kuwa shi ne yawan zafin da yake iya ɗauka. Abin da lita ɗaya ta ruwa za ta kwasa, sai iska sama da lita 3,000. A ƙaramin akwati, inda babu filin kafa katon ƙarfen sanyaya a kan furosesa, ruwa ne ke ɗauko zafin daga lungu ya kai shi bakin akwati inda iska take.

To ke nan za ta yi sanyi kamar firji?

A'a, ƙanena, kuma nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Ruwan randa yana fin iskar ɗaki sanyi saboda randa tana zufa, danshin jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. Ruwan kwamfuta ba ya zufa. Lagireto ba shi da abin da zai sanyaya ruwa da shi sai iskar ɗakinka, don haka ruwan ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba, ko da ka jera fanka goma.

Masu gwada kaya a YouTube yawanci a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke. Mu a Accra, da rana a watan Fabrairu da Maris, waje yana kaiwa 32 ko 33, ɗaki mai rufin kwano a zango kuwa ya fi haka. Duk lambar da ka gani a bidiyonsu, ka ƙara mata kusan goma kafin ka yi murna. Kuma zafin da kwamfuta ta fitar a ɗakinka yake zama. In tana jan wat 400, tamkar ka kunna ƙaramin hita ne ka rufe ƙofa. Na sha gaya wa masu saye cewa buɗe taga da fankar sama sun fi ƙarin lagireto amfani, sai su ɗauka wasa nake.

Mene ne ma'aunin "ƙarama" ɗin?

Masu wannan harka da lita suke auna akwati, kuma duk abin da bai kai lita 20 ba sun ɗauke shi ƙarami. Cooler Master NR200 yana wajen lita 18, shi ne ya fi sauƙi ga mai farawa. Lian Li A4-H2O yana wajen lita 11, an tsara shi ya ɗauki lagireto mai milimita 240 a samansa. Babban allon da ke shiga irin waɗannan shi ne Mini-ITX, santimita 17 kowane gefe, tsarin da kamfanin VIA na Taiwan ya fito da shi a 2001. Ramin katin hoto ɗaya gare shi, ramin RAM biyu, wato ma'ajiyar aikin da kwamfuta ke yi a lokacin. Akwatin wutar ma, mai raba wa kayan ciki lantarki, ƙarami ne, ana ce masa SFX. Kafin ka sayi komai ka auna tsawon katin hoto da kaurinsa, ka haɗa kaurin lagireto da na fanka: siririn lagireto milimita 30 ne, fanka 25, akwai kuma siririyar fanka mai 15. Milimita uku kacal suna iya hana murfi rufuwa.

Yaya, wanne zan saya, wanda ya zo a haɗe ko wanda ake haɗawa da hannu?

Wanda ya zo a haɗe, AIO, an cika shi an rufe tun daga masana'anta: bulok da famfo wuri ɗaya, tiyo biyu, lagireto. Ka ɗaura, ka sa waya, shi ke nan. Furosesa kaɗai yake sanyayawa, kuma in famfonsa ya mutu bayan wasu shekaru, sai dai a sauya shi ɗungurungum.

Na hannu kuwa kai za ka sayi komai daban: bulok, famfo, tanki, lagireto, tiyo, da mahaɗan da ke ɗaure su, waɗanda kusan dukkansu zare ɗaya gare su, G1/4, shi ya sa kayan kamfanonin EK, Alphacool, Barrow da Bykski suke shiga juna. Famfo iri biyu suka yi suna, D5 da DDC. D5 ya fi girma, ya fi shiru, ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi. DDC ƙarami ne, yana da ƙarfin turi, ya fi dacewa da matsattsen akwati, amma gindinsa yana ɗaukar zafi, sai an bar masa hanyar iska.

In da kwamfutar kake cin abinci, kana yanka bidiyon aure da amarya ke jira ranar Asabar, ka sayi AIO, ko ma ka tsaya a fanka mai kyau. Haɗin hannu sha'awa ce, kamar kiwon tantabara. Ba na hana kowa, ni ma ina ciki, amma kada wani ya ce maka dole ne.

Lagireto ɗaya zai ishi furosesa da katin hoto?

Ya danganta da abin da ka cusa. Lissafin da masu haɗi ke yi a ka shi ne milimita 120 na lagireto ga kowane wat 100, in ana son fanka ta yi shiru. Katin hoto RTX 4070 yana jan wajen wat 200, RTX 4090 kuwa 450. Ka ɗora na biyun a kan lagireto guda mai 240 a ɗakin Nima, ruwan zai yi zafin shayi, alhali masu ƙera famfo sun iyakance shi a digiri 60. A ƙasarmu dabara ita ce zaɓen kaya masu matsakaicin ci, sannan a rage musu ƙarfin wutar da ke shiga. A katin hoto ana yi da manhajar MSI Afterburner, a furosesan AMD akwai Curve Optimizer a cikin BIOS, wato shafin saitin babban allo. Gudun ba ya raguwa yadda ido zai gane, zafi kuwa yana sauka sosai. Cikin duk gyare-gyaren da na sani, wannan ne kaɗai ba ya cin ko pesuwa.

Fiyawata zai yi? Ai mai tsabta ne.

Mai tsabta ne ga cikinka. Yana ɗauke da gishirin ƙasa da zai kwanta a siraran hanyoyin bulok kamar farin dattin gindin buta. Ruwan da ake so shi ne tatacce, wanda aka dafa aka tari tururinsa, a haɗa masa maganin hana tsatsa da gansakuka, ko a sayi wanda aka riga aka haɗa. Masu kayan mota suna sayar da tataccen ruwa na batir, amma ka karanta jikin gorar da kyau, domin akwai mai asid, wannan kuwa zai cinye maka komai. Ruwan nan mai kauri, fari ko ja kamar fenti, wanda ke kyau a hoto, ina gudunsa: ƙwayoyinsa suna kwanciya su toshe hanya. Ka sa wanda yake garau, ka sauya shi sau ɗaya a shekara, kada kuma akwatin ya zauna inda rana ke bugun tiyo.

Na ji ana cewa kada a haɗa ƙarfe biyu.

Jan ƙarfe da alminiyam ake nufi. In suka haɗu a ruwa ɗaya sukan zama kamar ƙaramin batir, alminiyam ya riƙa narkewa a hankali har ya huje. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama lafiya tare. AIO da yawa suna da bulok na jan ƙarfe da lagireto na alminiyam, amma ruwansu cike yake da maganin da ke danne wannan, shi ya sa ba a yanke tiyon AIO a jona da haɗin hannu.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Na sayi lagireto na hannu wurin wani, baƙin fenti fes, ya rantse jan ƙarfe ne. Bayan watanni ruwa ya yi duhu, bulok ya cika da wani farin kunu. Mayen ƙarfe ba ya kama ko ɗaya cikinsu, don haka ba zai taimake ka ba. Ka ɗaga ka ji nauyi, jan ƙarfe ya fi nauyi nesa, sannan ka haska tocila cikin bakin zaren ka ga launin.

Tiyo mai laushi ko bututu mai tauri irin na hoto?

Mai laushi, musamman baƙin roban nan na EPDM. Bututu mai tauri na robar PETG yana yin laushi in ruwa ya daɗe da zafi, ya zame daga mahaɗi, mu kuwa ruwanmu kullum da ɗumi yake. Akirilik yana jure zafi amma yana tsagewa. In kana ɗaukar kwamfutar a mota zuwa wurin biki ko zuwa Kumasi, tambayar ma ba ta taso ba.

Yaya zan san ba ta yoyo kafin in kunna?

Hanya mafi kyau ita ce ɗan famfon iska mai agogo: a hura iska har allura ta kai kamar rabin bar, ma'aunin da ke jikin agogon, a jira kwata ɗaya na awa, in allura ba ta motsa ba, an rufe. In babu shi, cire wayoyin wuta daga allo da katin hoto gaba ɗaya, ka bar famfo kaɗai. Akwatin wuta yana tashi ba tare da allo ba in an haɗa koriyar waya da baƙa a babban soket mai baki 24, amma yawancin na yanzu wayoyinsu duk baƙaƙe ne, gara ka sayi ɗan murfin da aka yi don haka. Shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi, ka bari ya kwana yana zagaye. Kada famfo ya juya babu ruwa ko na ɗan lokaci, ruwan ne man shafawarsa. Ka riƙa karkata akwatin hagu da dama don kumfar iska ta fita. Sannan ka tanadi bakin zubarwa a wuri mafi ƙasa. Na farkon da na haɗa na manta da shi, ranar sauya ruwa sai da na kife kwamfutar a kan baho kamar mai wanke hanji.

Yanka da huda akwati fa?

Ana yi: a buɗe wa tiyo hanya, a faɗaɗa ramukan iska, a ƙara tsayin ƙafafu don fankar ƙasa ta sami numfashi, wasu ma su fitar da lagireto na biyu waje. Maƙeran zango suna yanka maka yadda ka zana. Sharaɗi ɗaya: a kwashe komai daga ciki kafin a yanka, a goge bakin, a wanke garin ƙarfen tas, domin ƙwaya ɗaya a kan allo ta isa. Murfin gilashi kuwa kyau ne kawai, a nan mai raga ya fi.

Ɗauke wuta da ƙurar hunturu ba za su kashe ta ba?

Wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wuta na 2014 da 2015, ba sai an yi masa wa'azin UPS ba, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Ɗaukewar ba ta cutar da ruwan, famfo da furosesa tare suke tsayawa. Dawowar wutar da ƙarfi ita ce abin tsoro, don haka ka sayi akwatin wuta na kirki, ka sa UPS da ya fi abin da kwamfutar ke ja. Ƙura kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu haƙoran lagireto suna toshewa kamar rariya. Duk sati biyu ka kashe, ka riƙe fanka da yatsa kada ta juya, ka hure. Masu zama kusa da teku, Jamestown ko Osu, su riƙa duba sukurori, iskar gishiri tana cin su.

A ina zan samo kayan?

RAM, SSD, fanka, man shafa wa furosesa, har AIO, ana samu a Tip Toe Lane da ke Circle, na Kumasi kuma su duba Adum. Ƙaramin akwati, SFX, bulok da mahaɗai yawanci sai an yi oda daga waje ko wani ɗan'uwa ya riƙo, ga kuɗin jirgi da na kwastan. Bulok na katin hoto ba ya shiga kowane kati, ko da lambarsu ɗaya, sai ka duba ainihin samfurin kafin ka biya. In za ka yi oda, ƙara mahaɗi biyu masu lanƙwasa da 'yan zoben roba a kan lissafinka, domin in ɗaya ya gaza, sati uku kwamfutar za ta yi a buɗe a kan tebur tana jiran abin da bai kai girman goro ba.