Hayayyafar halittu: daga rabuwar ƙwaya zuwa barbara

Hayayyafa ita ce hanyar da mai rai yake samar da irinsa, kuma hanyoyinta biyu ne manya. Ko dai halitta guda ta fitar da kwafin kanta ba tare da abokin tarayya ba, ko kuma ƙwayar namiji da ta mace su haɗu, kowace ta kawo rabin gado, wato barbara. Ta farkon ce ta riga zuwa duniya, da tazara mai nisan gaske.

Farkon rai

A lissafin masana kimiyya, shekarun duniya sun kai kimanin biliyan 4.5. Daga cikin tsofaffin shaidun rai akwai wasu duwatsu masu hawa-hawa a yankin Pilbara na yammacin Ostireliya, waɗanda ƙananan ƙwayoyin halitta suka gina shekara kusan biliyan 3.5 da suka wuce. Masu rai na wancan zamani duk ƙwaya ɗaya ne, irin bakteriya, ba namiji ba mace. Idan ƙwaya ta girma sai ta kwafi sinadarin gadonta na DNA, ta tsage gida biyu. Wasu daga cikinsu sun riƙa haɗa abinci da hasken rana suna fitar da iskar oksijin, har ta fara taruwa a sararin sama kimanin shekara biliyan 2.4 baya.

Domin a gane nisan wannan lokaci, a duba ƙasar Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ta samu ne a ƙarƙashin tekun da ya taɓa rufe yankin, kuma a ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, wanda ya rayu wajen shekara miliyan 70 da suka shige. Duk da wannan tsufa, duwatsun Pilbara sun ninka shi sau hamsin.

Barbara ta zo daga baya, bayan bayyanar ƙwayoyi masu cibiya a cikinsu, inda DNA yake a killace. Tsohuwar shaidarta da aka fi amincewa da ita burbushin wani jan gansakukan teku ne mai suna Bangiomorpha, daga tsibirin Somerset a arewacin Kanada, wanda Nicholas Butterfield ya yi bayaninsa a 2000. Shekarunsa sun ɗan haura biliyan ɗaya.

Tsadar barbara

In don yawa ne kawai, rabuwa ta fi riba. Bakteriyar E. coli, idan ta sami abinci da ɗumi, tana rabuwa duk minti 20, ƙwaya guda ta wuce miliyan 16 cikin awa 8. Ba neman miji, ba jiran damina. A barbara kuwa uwa rabin gadonta kaɗai take miƙawa: ɗan Adam yana da kuromosom, wato ƙunshin DNA, guda 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Sannan rabin zuriya maza ne da ba sa ɗaukar ciki. Wannan ne masanin Ingila John Maynard Smith ya fayyace a shekarun 1970, cewa zuriyar da ba ta buƙatar namiji za ta iya ninka mai barbara saurin yaɗuwa. To me ya sa kusan duk dabbobi da yawancin tsirrai suka riƙe hanya mai tsada?

Amsar tana cikin cuɗanyar gado. Manomin fadamar Wurno ko Goronyo ya san bambancin a aikace. Tafarnuwa ɓantarar kanta ake yi a dasa, rogo da rake kara ake sarewa a binne, saboda haka abin da ya fito kwafin uwarsa ne sak, da kyawunsa da rauninsa. Gero kuwa iska ce take kai garin furen wannan zangarniya zuwa waccan, kowace ƙwaya ta fito da nata haɗin. Ranar da cuta ta sauka, gonar da duk jini ɗaya ce tana iya faɗuwa gaba ɗaya, amma a cikin mai gauraye ba a rasa masu tsira. Haka ya faru da ayabar Gros Michel, wadda wata cutar saiwa ta durƙusar da nomanta a ƙasashen Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950, har aka koma nau'in Cavendish, shi ma dasawa ake yi.

Wannan hujja ta tsere tsakanin cuta da mai ɗaukarta tana cikin mafi gamsarwa, domin an gan ta a fili. A tafkunan New Zealand akwai wani ƙaramin dodon koɗi mai hayayyafa ta hanyoyin biyu, kuma binciken Curtis Lively ya nuna masu barbara sun fi yawa a inda tsutsar da ke kama su ta yi katutu. Akwai kuma bayanin Hermann Muller na 1964: kurakuran kwafin DNA suna taruwa a zuriyar da ba ta cuɗanya, ba hanyar tace su.

Masu haɗa biyun

Iyakar ba a shate take sosai ba. Bakteriya ba ta barbara, amma tana miƙa wa maƙwabciyarta guntun DNA, kuma ta nan ne juriya ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta take yaɗuwa, abin da ya sa shan su barkatai yake da haɗari. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda ke kwantar da yara a Sakkwato duk damina, ita ma hanyoyin biyu take bi. A jikin mutum tana rabuwa ne a hanta, sannan a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma fashewar waɗannan ƙwayoyin ce ke kawo masassara da rawar ɗari. Wasu kaɗan sai su rikiɗe su zama maza da mata, su jira macen sauro ta zuƙe su. A cikin cikin sauron ne suke haɗuwa, gadon ya cakuɗe, sababbin ƙwayoyi su taru a yawunsa kafin cizo na gaba.