Kuɗin da ba naka ba: abin da na koya a hannun maigidana

Shekara tara na yi a wani kamfanin inshora a Yamai, ƙarƙashin dattijon da ke juya kuɗin kamfanin. Tun da na dawo Damagaram, samarin unguwarmu ta Birni ke tsare ni da tambayoyi bayan la'asar. Ga wasu daga ciki.

Yaya, me ya bambanta aikinku da na attajirin kasuwar Dole?

Attajiri dukiyarsa yake juyawa, in ta karye shi da iyalinsa ne. Mu kuwa, da asusun fansho irin CNSS, kuɗin jama'a ne a hannunmu. Maigidana ya ce in ɗauki kaina uwar adashe: kuɗin ba nata ba ne, kuma kowa ya san ranar kwasarsa.

Me ya fara koya maka?

Duba ranar biya kafin duba riba. Ina sabon zuwa na kai masa shawarar mu sayi wani bene, lissafin haya ya yi kyau ƙwarai, har ina jin kaina. Ya karanta a tsanake, ya cire tabarau ya ce, "Yaro, in motar wani ta kife gobe, bulo za ka ba shi?" Daga ranar na gane kowane kuɗi da wa'adinsa. Wanda za a nema kusa, a sa shi a takardun bashin gwamnati na wata uku zuwa shekara guda. Wanda zai daɗe, ya tafi na shekara biyar ko bakwai, ko hannun jari a BRVM, kasuwar da aka buɗe a Abijan a 1998 don ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa. Benen ma yana da gurbinsa, amma daga baya.

Bashin gwamnati ai ba ya ɓata, ko?

Haka ni ma na zata. Shi ya ga Janairun 1994 da idonsa, lokacin da aka karya darajar sefa: faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare ɗaya. Don haka bai taɓa yarda mu tara komai a ƙasa guda ba, ko da tamu ce. Muna sayen na Senegal, na Benin, na Togo. Ni a lokacin gani nake tsoro ne ya yi masa yawa. Sai ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijar ta kasa biyan masu takardunta a kan lokaci, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024. Ku da kanku kun ga ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano da suka riƙe naira a shekarar, yadda ta narke musu a aljihu.

To kuɗin ruwa fa, Yaya?

Tambayar malamai ce, ba na fatawa. Amma akwai sukuk, inda mai zuba jari ke cin hayar wata kadara maimakon ruwa. Senegal ta fitar da na sefa biliyan 100 a 2014.

Akwai ɗabi'arsa da ka riƙe har yau?

Kafin a sayi komai, sai ka rubuta dalilinka a littafi da kwanan wata, ka sa hannu. Bayan shekara ya ɗauko ya sa ka karanta da bakinka a gabansa. Nawa littafin yana nan cikin akwati, akwai shafuka biyu da har yanzu ba na son buɗewa.