Binne Almasihu (zanen Karabajiyo)

Binne Almasihu zane ne na fenti mai mai a kan ƙyalle, wanda Karabajiyo, mai zanen Italiya (1571 zuwa 1610), ya yi a tsakanin 1603 da 1604. Tsayinsa mita 3 ne, faɗinsa ya ɗan haura mita 2. An yi shi ne domin bagaden iyalan Bitiriche a cocin Santa Mariya in Balicella da ke Rum. Sojojin Faransa sun kwashe shi zuwa Faris a 1797, aka maido shi bayan faɗuwar Nafoliyon, sarkin Faransa, yanzu yana gidan tarihi na Batikan.

Babu tsauni ko sararin sama a bayan mutanen, sai duhu ƙirin. Haske yana faɗowa daga gefe guda, ya sauka a kan gawar Yesu da farin likkafani, ido kuwa can yake fara zuwa. Wannan salo na ƙarfafa duhu don haske ya fito sosai shi ake kira tenebirizim, kuma da sunan Karabajiyo aka fi danganta shi.

Nikodimu, wanda ya taimaka wajen binne Yesu, ya rungumi ƙafafun gawar, ya sunkuya saboda nauyi, jijiyoyin ƙafarsa sun fito kamar na ɗan dako. Yohanna, almajirin Yesu, ya tallafi ƙirjin, yatsunsa na taɓa raunin mashin da aka soki Yesu da shi. Inda zanen ya fi ratsa zuciya shi ne wajen matan uku, domin kowacce da irin makokinta. Maryamu uwar Yesu tsohuwa ce a nan, fuska duk tamoji, ta baje hannuwa ba ta ce uffan ba. Maryamu Magadaliya ta sunkuyar da kai, fuskarta a inuwa, tana share hawaye. Maryamu matar Kilofas kuma ta ɗaga hannu biyu sama tana kururuwa. Mai zanen bai ƙawata kowa ba. Talakawa ya zana, irin waɗanda ke cika cocin.

Kusurwar faifan dutsen da suke tsaye a kai ta turo waje kamar za ta taɓa mai kallo. Lokacin da zanen yake a saman bagade a cocin, mai durƙuso yakan ga kamar cikin bagaden ake saukar da gawar, daidai inda limami yake ɗaga gurasar Jibin Ubangiji, wato ibadar tunawa da mutuwar Yesu. Wani shahararren mai zane, Rubens, ya kwaikwayi zanen, kwafin nasa yana Ottawa ta ƙasar Kanada.