Waiwaye: Yadda Ɗan Ƙwallon Kwando Ya Zama Farke

A watan Maris na 2017 Ben Bentil ya shiga fili sanye da rigar Dallas Mavericks, ya zama haifaffen Ghana na farko da ya buga wasa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Kwantiragin kwana 10 ne aka ba shi, wasa 3 ya buga, daga nan bai sake taka filin NBA ba. Wanda ya tsaya a nan sai ya ce yaron bai yi nasara ba. Amma a dubi inda ya bi. Boston Celtics ta ɗauke shi a lamba ta 51 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, bayan ya fi kowa zura maki a rukunin jami'o'in Amurka na Big East yana Kwalejin Providence. Ta sallame shi kafin a fara kaka. Ya yi Fort Wayne, ya yi Xinjiang a ƙasar Sin, sannan Dallas. Daga can sai Châlons-Reims a Faransa, Bilbao a Sifen, Peristeri da Panathinaikos a Girka, Bahçeşehir a Turkiyya, Milan a Italiya, Crvena Zvezda a Sabiya, Zenit a Rasha. Sana'ar kenan. Kamar faraken da suka riƙa zuwa Kumasi neman goro, ɗan wasa ba shi da mazauni sai inda kasuwa ta buɗe a wannan shekarar.

Samarinmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango, da na Aboabo da Asawase a Kumasi, NBA suke kallo a waya. Amma kujerun can kaɗan ne: ƙungiya 30, kowace da 'yan wasa 15 masu cikakken kwantiragi, sababbi kuma 60 ake zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya. Mafi yawan masu cin abinci da ƙwallon kwando a wajen Amurka suke ci, kuma hanyar da suke bi dokoki ne suka share ta sannu a hankali.

Kafin 1989 duniyar wasan a rabe take. FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda aka kafa a Janiba a 1932, ba ta barin 'yan NBA su shiga gasanninta. A watan Afrilun 1989 ta kaɗa ƙuri'a ta janye wannan hani, abin da ya kai ga tawagar Amurka ta gasar Olamfik ta Basalona a 1992. A Turai kuwa ƙofa a ƙuntace take: manyan gasanni irin na Italiya da Sifen baƙi biyu suke ba kowace ƙungiya, kuma kusan kullum Amurkawa ke cike guraben. Ɗan Afirka a lokacin, in ba ta jami'ar Amurka ya bi ba kamar yadda Hakeem Olajuwon ya yi daga Legas zuwa Houston, da wuya a ji ɗuriyarsa.

Abin da ya sauya kasuwar bai ma fito daga ƙwallon kwando ba. A ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar Jean-Marc Bosman, ɗan ƙwallon ƙafa na Beljiyam, cewa ba za a ƙidaya ɗan wata ƙasar Tarayyar a matsayin baƙo ba. A 2003 hukuncin Maros Kolpak, golan ƙwallon hannu ɗan Sulobakiya, ya faɗaɗa wannan ga 'yan ƙasashen da ke da yarjejeniya da Tarayyar, muddin suna aiki a can bisa doka. A tsakani kuma an riga an rattaba hannu kan yarjejeniyar Kwatano a watan Yunin 2000, tsakanin Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, kuma Ghana na ciki.

Nan ne fasfon Ghana ya yi daraja. A gasar ACB ta Sifen, wadda ta fi kowace gasar ƙasa ƙarfi a Turai, gurbi biyu ne kawai na waɗanda ba 'yan Tarayyar ba, kuma ɗan ƙasar Kwatano ba ya cin wannan gurbin. Faransa ma ta ware su daban da Amurkawa. Ma'ana, idan koci na neman dogo mai tsaron raga, ga Ba'amurke ga ɗan Ghana masu ƙarfi ɗaya, ɗan Ghana ya fi masa sauƙin sakawa cikin lissafi, domin zai bar gurbin baƙo ga mai zura maki. Shi ya sa za ka ga Amurkawa suna neman fasfon ƙasashen Afirka da ba su taɓa kwana a cikinsu ba. Ba kowace gasa ke bin wannan tsari ba, kuma dokokin na canzawa daga kaka zuwa kaka. Yarjejeniyar Samowa ma, wadda aka rattaba wa hannu a Nuwamban 2023, ta gaji ta Kwatano, ko da yake a bakin dillalai har yau "ɗan Kwatano" ake cewa. Wanda zai sa hannu ya nemi ganin dokar wannan kakar a rubuce.

Pops Mensah-Bonsu ya ci moriyar ɗaya ɓangaren, wato hukuncin Bosman. A Landan aka haife shi a 1983, iyayensa 'yan Ghana, kuma Birtaniya na cikin Tarayyar Turai duk tsawon wasansa. Ya gama Jami'ar George Washington a 2006, ba a zaɓe shi ba, amma ya ratsa ƙungiyoyin NBA 5: Dallas, San Antonio, Toronto, Houston da New Orleans. Tsakankanin haka ya yi Treviso, Badalona, CSKA ta Mosko da ASVEL. Kakarsa mafi kyau a Beşiktaş ta Istanbul ce, 2011 zuwa 2012, shekarar da rikicin albashi ya rufe NBA daga Yuli zuwa Disamba: sun ci gasar Turkiyya, da kofin ƙasar, da kofin EuroChallenge. A wannan bazarar ya buga wa Birtaniya a Olamfik ta Landan.

Amida Brimah, haifaffen Accra, ya bi ta Jami'ar Connecticut, inda suka ci kofin jami'o'in Amurka a 2014. Ba a zaɓe shi ba a 2017. Ya ci kofin ƙaramar gasar NBA, wato G League, da Austin a 2018, ya je Partizan ta Belgired, sai a 2021 ya samu shiga NBA da Indiana Pacers a kan kwantiragin nan mai fuska biyu da aka ƙirƙiro a 2017, wanda ke ba ɗan wasa damar kai-komo tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta. Bayan haka ya yi Fotoriko da Beljiyam.

Su ukun nan ta makarantun Amurka suka fita, kuma a nan takarda ta fi tsawo muhimmanci. Jami'a mai daraja ta ɗaya tana bukatar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta tantance darussa 16 na sakandare, don haka sakamakon WASSCE da takardun makaranta na kowace shekara dole su kasance a hannu. Sai takardar I-20 daga makarantar, mai nuna ta karɓi ɗalibin, sai bizar ɗalibi. Abin da ya fi kayar da yara shi ne ranar haihuwa: takardar haihuwa ta ce kaza, rajistar BECE ta ce kaza, fasfo ya zo da ta uku. Rage shekaru dabara ce da ke ci na ɗan lokaci, ranar da aka haɗa takardun kuma ta rushe komai. Wata hanyar ita ce makarantar NBA da ke Senegal, wadda aka buɗe a 2017. Ta uku kuma kulob-kulob na Sifen da Faransa, masu ɗaukar yaro tun yana ƙarami saboda dokarsu ta tilasta sa 'yan wasan da aka raina a gida. A Sifen kaka uku kafin ya wuce shekara 20 ta isa a ƙidaya shi ɗan gida. FIBA ta taƙaita fitar da yaro ɗan ƙasa da 18 zuwa wata ƙasa, sai da amincewarta da shaidar karatu da masauki. Duk wanda ya ce wa iyaye su kawo kuɗin "gwaji a Turai" a hannu, ba gayyata daga kulob, ba sunansa a jerin dillalai masu lasisi da ke shafin FIBA, a bar shi ya wuce.

Idan an shiga sana'ar, kowane sauyin ƙasa sai da takardar sallama daga hukumar ƙasar da aka baro, ta hannun FIBA. Tsohon kulob na iya riƙe ta idan ya ce kwantiragi bai ƙare ba, ɗan wasa ya zauna a otal yana kallon wasanni suna wucewa. Saboda haka ba a barin ƙungiya da fatar baki, sai da takardar rabuwa mai sa hannun ɓangarori biyu.

A Turai albashi galibi kashi 10 ake biya, daga kusan Satumba zuwa Yuni, bayan kulob ya cire haraji, tare da gida da mota da tikitin jirgi. Ladan dillali yawanci kashi 10 cikin 100 ne, alhali a NBA ba ya wuce 4. Adadin da ke saman takarda ba shi ne abin dubawa na farko ba. A fara da ko kuɗin tabbatacce ne ko da an ji rauni ko koci ya canza ra'ayi. A duba ko akwai makonnin gwaji da kulob zai iya sallama ba diyya, da abin da zai faru idan gwajin lafiya ya nuna tsohon ciwon gwiwa, da kwanakin jinkirin albashi da za su ba ɗan wasa ikon daina atisaye ko tafiya da haƙƙinsa. Kwana 30 ne aka fi rubutawa. Jinkirin albashi tsohon ciwo ne, musamman a ƙungiyoyin da ke rataye a aljihun mutum ɗaya. Domin shi FIBA ta kafa kotun sulhu a 2007, wadda ake kira BAT tun 2011. Alƙali ɗaya ne, yawanci a kan takardu ake yanke hukunci, kulob ɗin da ya ƙi biya kuma ana iya hana shi rajistar sababbin 'yan wasa. Sai dai kotun ba ta sauraron ƙara idan ba a rubuta sharaɗinta a cikin kwantiragin ba, kuma mai ƙara ne ke fara ajiye kuɗi. Wannan layi guda ya fi ƙarin dala dubu a wata amfani.

Wasan ma kansa ba ɗaya ba ne. NBA minti 48 ce, laifi 6 ke fitar da mutum, layin maki uku ya kai mita 7.24. A dokar FIBA minti 40 ne, laifi 5, layi mita 6.75, kuma dogo na iya kafewa a ƙarƙashin raga yana tsaro, ya kuma share ƙwallo daga bakin zobe da zarar ta taɓa shi. Mai tare ƙwallo irin Brimah wannan ta yi masa daɗi. Mai son riƙe ƙwallo shi kaɗai kuwa, kocin Sabiya ba zai daɗe da shi ba.

A gida, gasar Accra da ake bugawa a filaye irin na Lebanon House da ke Tudu ba ta ciyar da mutum. Ƙungiyoyin kwastam da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana sun daɗe suna riƙe gwanaye ne saboda aikin gwamnati da ke biye da rigar, gasar Sprite Ball kuma ta kasance tagar 'yan sakandare. Gasar BAL ta kulob-kulob ɗin Afirka, haɗin gwiwar NBA da FIBA, ta fara a Kigali a watan Mayun 2021 da ƙungiya 12, Zamalek ta Masar ta ɗauki kofi. A kakar farko an yarda da baƙi 4 a kowace ƙungiya, waɗanda ba 'yan Afirka ba kuma kada su wuce 2, wato an ware wa 'yan nahiyar gurbi. Braves ta kwastam da Spintex Knights sun shiga wasannin share fage, amma zuwa kakar 2025 babu kulob ɗin Ghana da ya kai babbar gasar.

Akwai wata doka da ta shafi 'yan uwanmu na zango da ke Jamus da Italiya da Bronx kai tsaye. A wurin FIBA, wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa bayan ya cika shekara 16 ana ɗaukarsa a matsayin ɗan aro ne, kuma ɗaya tak ake bari a tawagar ƙasa. Yaron da aka haifa a Hambug, in ana so wata rana ya buga wa Ghana ba tare da wannan cikas ba, sai iyayensa su yi masa fasfon Ghana kafin ya kai 16, su kuma adana tsohon ko da ya ƙare, domin ranar da ke jikinsa ce hujja.